Nonon da Aka Hana Ta

Na haifi 'yata ta fari kwana uku kafin a tashe mu daga tsibirinmu. Tun ina budurwa, wajejen samun 'yancin kai, muke jin za a datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya ci garuruwa. Ba mu yarda ba sai da muka ga an zo ana ƙirga mana ɗakuna.

Da ɗanyen jego aka sa ni cikin kwalekwale, tsakanin tukwane da buhunan albasa. Ko ruwan zafi ban samu ba ranar. Muna isa sabon garin da aka gina mana kusa da Wara, zazzaɓi ya kwantar da ni, nonona na hagu ya kumbura ya yi tauri. Jaririyar ta kama ta saki, ta yi ta tsala kuka.

Uwar mijina ta kirawo tsohuwar unguwarzoma. Ta tatsi nonon cikin ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa, muka zuba ido. Tururuwar ta yi ta juyi, ba ta fito ba.

"Nonon ga ya ɓaci," in ji tsohuwar. "In tac ci gaba da sha, ba ta kai ranar suna."

Na dubi uwar mijina. "Inna, na dama lafiya lau yake. Ku bar ni in ba ta shi."

"Haihuwa guda, har kin fi mu sani?"

Na haƙura. 'Yar fari ce, kuma abin kunya ne a ga uwa tana rawar jiki a kan 'yar fari.

Yayar mijina tana shayar da ɗanta a lokacin. Da, tsibirin da take aure yana daura da namu, in ka ƙwala kira ana ji. Amma su an kai su can wajen Shanga, tafiyar yini guda. Ta zo suna, washegari ta goya 'yata ta tafi da ita. Mijina yana daji, yana neman inda aka yanka masa gona.

Kwana goma ba su cika ba kumburin ya sace. Nono ya dawo har yana jiƙa mini zane. Bayan ɗaki nake zagayawa in tatse shi a ƙasa, gindin bangon siminti, kaji suna kallona. Na roƙi a dawo da ita, aka ce ta riga ta saba, kada a rikita yarinya.

Sai da ta haura shekara biyu aka kawo mini ita. Ba na ganin laifin gwaggonta: nono ɗaya, baki biyu, kuma ɗayan nata ne. Da kunu da madarar shanu aka ƙarasa renon tawa. Ta zo da ƙafafu sirara, gashi ja-ja, ba ta kuka ko ta faɗi. In an ba ta tuwo sai ta juya wa mutane baya ta ci, ta dunƙule saura a hannu har barci ya ɗauke ta. Na ɗora ta a bayana ta sandare kamar itace, sai da na sauke ta ta yi numfashi.

Bayanta na haifi huɗu. Da nonon nan na shayar da su, duk suka yi ɓul-ɓul, suna hawa jikina suna jan kunnena a gabanta. Uwar mijina ta ga wannan da idonta shekara da shekaru. Har ta rasu ba ta ce uffan ba, ni ma ban tambaye ta ba, kuma ban yafe wa kaina wannan shirun ba.

Yanzu 'yar tawa tana aure a Yelwa, tana sayar da bandar kifi. Gwaggonta take kira Inna. Ni ba ta kirana da komai, sai dai ta durƙusa ta ce, "Ina kwananku?"

Bara na kwanta rashin lafiya, ta zo jinya. Ta share ɗaki, ta dama kunu, ta tallafe ni tana ba ni a baki, idonta yana kan ƙofa. Na riƙe mata wuyan hannu. Ba ta fizge ba. Ta jira har na gaji na saki, sannan ta ce, "A ƙaro muku?"