Sarkin Bariki da Ƙwan Di'o

Malaminmu na elementare a Karaye ya taɓa gaya mana cewa bariki tsohuwar kalmar Turawa ce, wai a ƙasarsu gidan sojoji take nufi. Da ta iso wajenmu sai ta rame. Barikin da na sani, a gefen wani ƙauye kusa da Zoza, ɗakunan jinka biyu ne da madafi, sojojin cikinsa kuwa gara da jemagu. Nan Di'o, Baturen mulki, yake sauka in ya fito rangadi. Amma kalmar ta hayayyafa: wanda ya goge da Turawa ɗan bariki ne, wayon da ya koyo a can kuma barikanci. Ni rabona shi ne sarkin bariki, wato mai shara da gadi. Babbar sarauta, talakawana tsintsiya biyu.

Kawuna ne ya roƙar mini aikin wurin dagaci, don ina karanta takarda. Ya ce, "Kada ka kunyata ni." Tun daga ranar ban sake cin tuwo da daɗi ba.

Takarda ta zo daga Rogo cewa Di'o zai sauka ran Talata, a tanadi itace da ruwa da ƙwai. Itace da ruwa na san su. Ƙwai kuwa a gidanmu ba a ci, kaza ake bar wa ta ƙyanƙyashe. Na bi gida-gida ina sallama. Mutanen gari suka nuna wa gwamnati ƙauna, suka yi ta miƙo mini ƙwai da ɗuminsu, daga ƙarƙashin kajin da ke kwanci. Ni kuwa na ji ɗumi, na ce lalle sababbi ne.

Tsoron kada su fashe ya sa na jera su a kwando cikin auduga. Tsoron kada sanyi ya ɓata su ya sa na ajiye kwandon kusa da murhu. Safe da yamma ina juya su, kada gefe ɗaya ya gaji. Di'o bai zo ba sai Jumma'a.

Kukunsa ya riga shi isowa, gogaggen ɗan bariki mai gajeren wando. Ya ce in kawo ruwa a ƙwarya, wai ƙwai mai kyau nutsewa yake, rubabbe ya taso. Ba mu kai ga gwajin ba. Yana ɗaga audugar, 'yan tsaki uku suka ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, sarki," in ji shi, "ashe ka samu talakawa."

Na durƙusa. "Malam kuku, ka rufa mini asiri. In dagaci ya ji, kawuna ya shiga uku."

"Tashi, kada ka ɓata rawani. Wa ya ce maka Bature yana cin ƙwan ƙauye? Nasa na cikin akwati tun daga Kano. Wannan da ake tarawa nawa ne."

Ya yi alkawarin yin shiru, muddin zan rena masa tsakin zuwa rangadi na gaba. Damina guda na yi ina kallon sama saboda shaho, ina ba su geron gidanmu. Da ya dawo ya yanka biyu, ya ce ta ukun ta rame, in ƙara mata wata shida.

A ranar ya yabe ni gaban dagaci, ya ce bai taɓa ganin sarkin bariki mai riƙon amana irina ba. Kawuna ya ji daɗi ƙwarai, har ya aika wa kukun da zakara.