Jeren da Inna Ta Yi wa Kifaye

Shekarar da kududdufin bayan garinmu ya ƙafe ina amarya, ko lallen ƙafata bai gama fita ba. Damina ta yi mana wasa da hankali, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Yara suka shiga taɓo suna tsintar kifi da hannu. Mijina, malamin firamare da ya yi karatu a Bici, ya tuɓe takalmi ya bi su, ya dawo da 'yan ƙananan karfasa a bokiti. Na ɗauka na miya ne, har na hura wuta. Ashe baƙi aka kawo mini.

Ya haɗa musu akwati da gilashin tsohuwar taga, ya ajiye a rumfar tsakar gida. Wai iri ne, in Allah Ya kawo ruwa zai mayar da su. Ni kam haushi ya ishe ni. Rijiya ta yi ƙasa har sai an ƙara wa guga igiya, ga waɗansu da ba sa tsinana komai suna shawagi a ruwan da zai ishe ni wanke-wanke.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce ta ɗauke su da muhimmanci. A lokacin yayan mijina ya riga ya koma kudu da iyalinsa, yana ta aiko da saƙo a tattara a bi shi. Gidajen da ke kewaye da mu ana ta toshe ƙofofinsu da ƙaya. Inna kuwa a gidan nan ta haihu, a bayan garin nan aka binne mijinta. Da ɗan aike ya matsa mata sai ta nuna akwatin.

"Kifi ma ya zauna a garin nan, ni ce zan gudu? Ranar da suka ƙare, ku ɗaure mini kayana."

Da dariya ta faɗa, amma duk mun san Inna ba ta magana biyu.

Abin da ya dame ta kawai shi ne akwatin ba komai ciki sai yashi. "Haka ake sauke baƙo, ɗaki fayau kamar na gwauro?" Ta kwance wuri, irin kuɗin da, daga jikin tsohon faifanta ta zuba. Ta sa aka kawo mata farin dutse cikin wanda masu yashe rijiya suka fitar. Daga baya ta cire munduwarta ta jan ƙarfe ta kafa a tsakiya, kifaye suna ratsawa ta ciki. Mata suka riƙa shigowa kallon jere. Malam, wato mijina, ya yi dariya ya ƙyale ta, don ya daɗe bai ga tsohuwar cikin walwala haka ba.

Ruwan ne ya fara ba ni tsoro. Da can yakan yi gansakuka, sai ga shi ya yi garau, ko ɗigon kore babu. 'Yan dodon koɗin da suka biyo yashi suka faɗo daga jikin gilashi, ba su ƙara motsi ba. Wani farin zane ya fito a bakin ruwa, in ka kankara da farce sai ka ji shi kamar gishiri. Ba ma iya canza ruwa, sai dai in rana ta shanye mu ƙara kaɗan a kai. Kifayen suka daina wawason dusa, suka taru a sama suna buɗe baki. Wata safiya muka tarar da ɗaya ya juya farin cikinsa sama.

Inna ta ce bakin mutane ne, kallo ya yi yawa. Maganin baki kuwa a wajenta wuri ne. Duk kifin da ya mutu sai ta ƙara wuri ɗaya a akwatin, da bisimillarta.

Ranar wata Juma'a Malam ya ce in jiƙa masa zoɓo. Ya ɗiga a kofin ruwan rijiya, ya ɗiga a na akwatin. Na rijiya ya riƙe jansa, ɗayan ya dushe ya yi wani shuɗi-shuɗi mara kyan gani. Ya matsa lemon tsami a kan wuri da farin dutsen, suka yi 'yar kumfa. Ya tono munduwar, inda ta nutse a yashi ya yi tsanwa.

"Narkewa suke yi a hankali," in ji shi. "Wuri da dutsen nan suna sa ruwa ya ɗauki halin kanwa, a irin wannan ruwa kashin kifin kansa dafi yake zama. Jan ƙarfen kuma guba ne tsagwaronta. Rana tana ɗauke ruwa, tana barin su a ciki."

Ya kwashe kayan, ya ce wa Inna wankewa zai yi. Ni da nake jin haushinsu, ni na juye musu randar shanmu. Amma an makara, bayan 'yan kwanaki na ƙarshen ya bi sauran.

Malam yana makaranta Inna ta kira ni. Munduwar na hannunta, tana murza tsanwar da babban yatsa.

"'Yar nan, ke ba kya ɓoye magana. Kayan nan ne, ko?"

Tausayinta ya kama ni har na kasa kallon fuskarta, ta kuwa gane.

Da Malam ya dawo ya durƙusa gabanta yana roƙo. Ya ce ai ba garin ne ya kashe su ba, don haka maganarta ba ta hau kanta ba, ta yi zamanta.

"Da garin ne, da na ce ƙaddara," in ji ta. "Gata na yi musu da hannuna. Aika wa yayanka."

Motar da ta zo ɗaukarta ta bi ta gefen maƙabarta. Inna ta roƙi direba ya rage gudu, amma ba ta ce a tsaya ba. A can kudu ta rasu.