Jirgin Buraima Mai Ruwan Goro

Isiyaku yana cikin motar maigidansa a ƙofar wani kanti a unguwar Nasiriya ta birnin Riyad, yana jiran Hajiya ta gama sayayya, sai wayarsa ta yi ƙara. Idrisu ne, abokin aikin Buraima a garejin fenti. Ya ce Buraima ya jingina da bango don ya huta bayan Azahar, da suka je tashinsa sai suka tarar rai ya yi halinsa. Isiyaku ya yi salati, ya ajiye wayar a cinya. Abin da ya fara faɗo masa a rai ba jana'iza ba ce, jirgin nan ne da ke kan durowa a ɗakinsu na unguwar Ulaisha.

Buraima mutumin Damagaram ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Riyad yana fentin motoci, sau ɗaya tak ya leƙa gida. Shekara bakwai suna ɗaki ɗaya da Isiyaku, direba ɗan Maraɗi, amma ko a kasuwar Batha ranar Juma'a, inda 'yan gida ke taruwa ana raha, Buraima gefe yake tsayawa da kofin shayinsa, ya yi murmushi, ya riga kowa tafiya.

Asalin jirgin wani injiniya ne ɗan Japan da ya kawo motarsa gyara. Buraima ya ga hoton wani tsohon jirgi mai fukafukai hawa biyu rataye a madubi, launinsa ruwan goro mai haske. Da yake sana'arsa launi ce, sai ya tambaya. Da guntun Larabci da nuni da hannu mutumin ya fahimtar da shi cewa jirgin koyon tuƙi ne na sojojinsu a Yaƙin Duniya na Biyu, a irinsa kakansa ya koya. Ana shafa masa wannan launi ne don kowa ya gane ɗan koyo ne a ciki, a ba shi hanya. Kujerunsa biyu, ɗalibi a gaba, malami a bayansa.

Wannan magana ta kujeru biyu ita ta zauna wa Buraima. Yana da 'ya guda, Nazira, wadda ya bari tana tatata, yanzu ta kai sha uku. In ya kira gida takan gaishe shi cikin ladabi kamar baƙo, ta yi maza ta miƙa wa uwarta waya. Ya taɓa ce wa Isiyaku yarinyar ta koyi tafiya, ta koyi karatu, ta koyi girki, shi kuwa bai zauna bayanta ko sau ɗaya ba.

Ya ɗauki hoton a wayarsa, ya shiga ƙera jirgin da gwangwanayen fenti da waya da guntun katako, kamar yadda suke ƙera mota da kara suna yara. Shekara uku yana kai, Juma'a zuwa Juma'a. Sau huɗu yana kankare fentin wai bai kama ba. Ba ya so ya aika da shi. So yake ya miƙa mata da hannunsa, ya nuna mata kujerar baya.

An binne shi a Riyad. Kamar yadda aka saba in ɗan gida ya rasu, abokai suka haɗa kayansa a kwali don a kai kargo a Batha: riguna huɗu, darduma, turaren da ya saya wa matarsa. Jirgin ya ƙi shiga, fukafukan sun zarce kwalin da taƙi guda. Buraima bai taɓa gwada shi da bakin akwati ba. Idrisu ya ce a cire fukafukan, a can sa sami mai walda ya mayar.

Isiyaku ya ɗauki filaya, ya kama wayar da ta ɗaure fiffiken sama. Sai ya ga tabon yatsan Buraima a fentin, inda ya taɓa kafin ya bushe. Ya ajiye filayar, ya ce a rufe kwalin haka nan, shi zai kai jirgin da kansa. Hutunsa saura wata huɗu, daga Maraɗi zuwa Damagaram kuwa tafiyar rabin yini ce.

Yanzu shi kaɗai ne a ɗakin, da katifa guda a naɗe, da jirgin a kan durowa. Kullum in ya dawo yakan goge shi da gefen rigarsa, ya tuna safiyar ranar rasuwar. Yana ɗaura agogo, Buraima yana duba fentin a hasken taga, sai Isiyaku ya tsokane shi.

"Kai Badamagare, wannan abin naka wane akwati ne zai ɗauke shi?"

Buraima bai ko ɗago ba. "Wa ya ce maka akwati zai shiga? A cinya za a riƙe shi har gida."

"To Allah ya nuna mana."

"Amin. Ka taho mana da burodi in za ka dawo."