Zare a Bakin Anti Tela

Shekara ashirin da biyu Anti Tela tana ɗinki a shagonta na ƙarƙashin bene, ba ta taɓa neman almakashi don yanke zare ba. Haƙori ne almakashinta. Haƙoran nan kuwa, biyun gaba sun hau juna tun tana yarinya, shi ya sa duk hoton da ke bangon ɗakinta hannunta na kan baki.

Da ya rage wa 'yarta shekara biyu ta gama jami'a, sai Anti ta rantse: hoton ranar gamawa, sai ta yi dariya a ciki baki buɗe. Likitan haƙori ya manna mata ƙananan ƙarafa a haƙoran don su miƙe, ya zura waya, ya ɗaure.

"Wata goma sha takwas, in kin kiyaye," in ji shi. "Ban da cizon zare. Duk ƙarfen da ya ɓalle, aiki ya koma baya."

Wayyo! Sati guda ko burodi ba ta iya taunawa, waya ta saɓule mata cikin kumatu. Duk ta jure. Abin da ya gagare ta shi ne hannunta. An ce sabo turken wawa: keken ɗinki na tsayawa, zare ya kai baki kafin ta tuna. Ƙas! Ƙarfe na farko ya ɓalle. 'Yarta ta rataya mata ƙaramin almakashi a wuya, amma ina! Ranar da aiki ya yi yawa, na biyu ya bi sahu.

Da na uku ya ɓalle ta ce, "Likita, ni fa ban ciji komai ba."

Likitan ya sa ɗan hantsaki ya zaro koren zare daga bayan wayar, ya ɗaga mata. Ya ce sai an ƙara wata takwas. Ta lissafa a yatsu, ta ga ranar hoton za ta wuce ba a cire ba, hawaye ya zubo.

Ranar hoton, mai hoto na ɗaga kyamara hannunta ya tashi da kansa zai rufe baki. 'Yar ta cafke shi, ta matse.

"Umma, don Allah. Shekara biyu kina shan wuya saboda ni, bari a gani."

Hoton na nan saman keken ɗinki, ƙarfe fal baki, tana dariya. Har yau tana cewa mai hoton bai iya aiki ba, amma ba ta sauke shi ba.