Wanzamin da Ya Sama Mana Gona

Jiya na ji ana wasa aska a kasuwar Makoda, sai tsohon wanzamin garinmu ya faɗo mini a rai, hannunsa kullum da ƙamshin sabulun salo.

Shekarar da fari ya koro mu daga Damagaram, dattawan garin nan suka taru gaban mai unguwa suka ce ba gonar da za a ba baƙo. Tsohon ya miƙe ya shafa kuncin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, tsagar nan ta Barebari ce, ni na yi maka ita. Liman kuma Bagobiri. To, wa ye ɗan gari a cikinku?"

Sai aka fashe da dariya. Gonar da aka yanka mana ranar ita nake nomawa har yau.

Allah Ya karɓi baƙuncinsa, yadda ya karɓi namu.