Direban da ke bangon Inna

Assalamu alaikum. Ku yi mini haƙuri, ban saba damun mutane ba.

Ɗazu ina share ɗakin Inna a Cadawa, sai ƙanena Sani, malamin lakol, wato makarantar boko, ya tsaya gaban tsohon allon ƙarfen da ke bango. Babbar mota ce ja aka zana a jikinsa, direba yana murmushi ta taga. Shekarar samun ƴancin kai marigayi Baba ya kawo mata shi cikin toshi, lokacin yana jigilar gyaɗa zuwa Kano. Ya ce mata kamfanin motar ne ya zana hotonsa.

Sani ya yi dariya. "Inna, talla ce fa! Tare da motocin ake aiko su daga Turai."

Inna ba ta gani yanzu. Ta lalubo hannuna. "Hadiza, ke ba ki ƙarya. Duba mini da kyau. Shi ne ko?"

Na duba. Kumatun direban sumul suke, Baba kuwa mai tsage ne.

Na ce bari in yi alwala tukuna. Tana can tana jirana.

Don Allah wanda ya san abin da ya halatta in faɗa mata, ya amsa mini kafin la'asar.