Sunan Orval a Gefen Dama

Orval Pruitt ya yi shekara ashirin da biyu a sojan sama, ko sau ɗaya bai taɓa tashi a jirgin yaƙi ba. Makaniki ne, mai muƙamin sajan. An haife shi a wata gonar auduga a Oklahoma, ya gudu daga fartanya yana ɗan shekara sha takwas, ya ƙare da sifana a hannu, zafin ranar da ya guje wa kuma ya biyo shi har filin jirgi.

A shekaru shidansa na ƙarshe shi ne babban makanikin jirgi mai lamba 417. Al'adar rundunarsu ita ce a rubuta suna biyu a ƙarƙashin murfin gilashin jirgi, na matuƙi a hagu, na makaniki a dama. Ta hagu ake kafa tsani, ta hagu ake hawa, ta hagu masu hoto ke tsayawa. Ta dama babu mai zuwa sai direban motar mai. Orval bai damu ba. Duk wata yakan sake wa sunansa fenti da kansa.

Da ya yi ritaya suka zauna a Tucson da matarsa Lavonne, ya kama aiki a shagon tayoyi. A nan wata cuta ta kama shi, cutar tara ƙananan jiragen yaƙi na ƙarfe, kowanne bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba, da lambarsa da tambarin rundunarsa. Ɗakin 'yarsu, da ta yi aure, ya koma masaukin jirage. Lavonne ta taɓa kiran su kayan wasa, ya yi kwana biyu bai ci abincinta ba.

Duk Asabar da safe yakan haɗu da 'yan'uwansa masu cutar a wani gidan abinci, su sha kofi, su ci ƙwai da naman alade, su yi gardama kan launin wutsiyar jirgi. Shugabansu Hobart Yoder, tsohon ma'aikacin gidan waya, bai taɓa sa kaki ba, amma ya fi kowa sanin yaƙi. Dokarsu ɗaya ce: ba a buɗe kwalin da jirgi ya zo a ciki. Jirgin da ya sha iska ya zubar da darajarsa.

Wata shekara wani kamfani ya fitar da ƙaramin samfurin 417 kansa. Orval ya yi oda tun kafin ya fito. Da ya iso, ya leƙa ta robar gaban kwalin, ga sunan Kyaftin Renfro, matuƙin, da haruffa ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Gefen hagu ne kaɗai ake gani.

"Nawa sunan yana ta baya," in ji shi ranar Asabar.

"Ka gani da idonka?" in ji Hobart.

"Kai dai ka san wasiƙa. Ina ka taɓa ganin jirgi ba sunan makaniki?"

"To buɗe mana, Sajan."

"In buɗe, ka samu abin yi min dariya? Sha kofinka, ɗan aike."

Shekara uku kwalin na rufe. Yana cewa doka yake bi. Lavonne, da ta yi shekara arba'in tana wanke masa kaya, ta san tsoro ne. Matuƙar kwalin na rufe, sunansa na ciki.

"Tsoho, ka buɗe ka huta," ta ce masa wata rana.

"Ba ki san harkar ba."

"Na san harkar mutumin da ke haska kwali da tocila ta ƙasan murfi."

Sai taron tsofaffin 'yan runduna ya zo, aka roƙe shi ya kawo 417 a ɗora a teburin tarihi. Ya kawo shi naɗe cikin tawul. Renfro ma ya zo, yanzu kanar ne mai ritaya, da sanda da na'urar ji a kunne.

"Pruitt, kana nan da rai? Kai, ga tsohon jirgina," in ji kanar, ya ɗauki kwalin.

"Yallaɓai, ba a—"

Kanar bai ji ba. Shi ba mai tara jirage ba ne, kuma tun yana saurayi bai saba tambayar makaniki izini ba. Ya yaga manne, ya zaro jirgin, ya juya shi a hannu, ya sa tabarau.

"Dubi ikon Allah. Sau biyu suka sa ni. Nan Renfro, nan ma Renfro."

Orval ya karɓa ya duba. Haka ne. Kanar ya nemi biro, ya sa hannu a kan yagaggen kwalin, don ya faranta masa.

Orval ya rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi huɗu. Suka amsa da layi uku: hoto ɗaya suka samu na jirgin, na gefen hagu, sai suka kwafa shi a dama. Sun gode da hidimar da ya yi wa ƙasa.

Bai sake rubuta musu ba. Ya samo wani mai buga ƙananan haruffa, aka buga masa sunansa da muƙaminsa. Ya kankare Renfro na dama da reza. Lavonne ce ta manna sunan da matsefatarta ta gira, ya ɗan karkace.

Hobart ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Ka kashe shi, Sajan. Yanzu ko kyauta babu mai karɓa a cikinmu."

"Wa ya ce zan bayar?"

Yanzu Orval na da shekara saba'in da tara. Jirgin na kan talabijin a falo, ba kwali, gefen dama na kallon ƙofa. Idonsa ya daina karanta rubutun ko da tabarau. Ya ajiye gilashin ƙara girma kusa da shi, kuma duk baƙon da ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya sunkuya ya karanta masa da ƙarfi kafin a ba shi kujera.